Injiniyan da Ya Fito Fes Babu Mai Kallo

Akwai wani dattijo da kowa ke kira Injiniya. A gidan talabijin ya ƙarar da ƙuruciyarsa, a ɗakin na'urori, inda babu hoton da zai fita zuwa gidajen mutane sai ya bi ta hannunsa. Ya iya aikinsa, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Matsalar ita ce shi ma ya san ya iya.

Da ya yi ritaya sai gida ya yi masa faɗi. Matarsa ta riga ta rasu, 'yarsa tilo kuma tana aure a nesa. Da safe ya dafa shayi kofi ɗaya, ya sha a tsaye, ya wanke kofin, ya kife. Wani lokaci har la'asar ta yi bai buɗe baki ya yi magana da kowa ba.

Wata rana haƙori ya matsa masa, ya je wurin wani tsohon likitan haƙori da ke duba mutane jefi-jefi a gidansa. Likita mutum ne mai fara'a da yawan zance. Yana jin aikin da Injiniya ya yi a da, sai ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Kai, Allah ne ya kawo ka! Irinka muke nema."

Ashe Likita da abokansa suna da wata sha'awa. Kowannensu ya yanki lasisi, ya kafa eriya a saman gidansa, ya haɗa 'yar ƙaramar tashar talabijin a ɗakinsa. Duk ranar Lahadi da hantsi sai su kunna, su riƙa aika wa juna hoto da murya ta iska, ba tare da intanet ba. Kowa cikinsu yana da waya a aljihu, amma daɗin abin shi ne a ce da hannunka ka haɗa.

Akwai Tela, akwai Malama mai koyar da kimiyya, akwai Direba mai jan tanka. Da yake gidan Likita a kan tudu yake, a saman benensa suka ajiye na'urar da ke karɓar hoton kowa ta miƙa wa sauran. Suna kiranta Dillaliya, wai don ita ke ɗaukar kaya daga wannan gida zuwa wancan.

Likita ya gayyace shi ranar da za su haɗu ido da ido. Injiniya ya je.

Aka zauna a falo, matar Likita ta kawo shayi. Tela ya buɗe jaka cikin alfahari ya fito da abin da ya haɗa: 'yar kyamarar gida, da wani ƙaramin akwati mai araha da ke matse hoto kafin a aika, duka a cikin gwangwanin biskit, an naɗe wayoyin da salatif. Ya kunna. Hoton ya fito yana rawa, launin ya ɗan yi kore.

Injiniya ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Wannan shi ne talabijin ɗin? Ai wasan yara ne. A wurin aikinmu, wanda ya fitar da irin wannan hoton a ranar zai tattara kayansa."

Tela ya sa hannu ya rufe gwangwaninsa a hankali.

Likita ya yi ƙoƙarin gyara zance. "Shi ya sa muka kira ka, Injiniya. Mu 'yan koyo ne. Ka shigo cikinmu ka nuna mana."

"Zan nuna muku," in ji shi. "Amma ba da tarkacen gwangwani ba. Ku jira ku ga yadda hoto yake."

Ya tashi ko shayin bai ƙarasa ba.

Ba a daɗe ba tsohon wurin aikinsa ya yi gwanjon kayan da aka daina amfani da su. Injiniya ya samo kyamara irin ta ɗakin labarai, ƙatuwa, mai nauyin gaske. Ya kawo ta gida ya goge ta tas, ya ɗora a kan ƙafafunta a tsohon ɗakin 'yarsa.

A nan ya ci karo da matsala. Irin wannan kyamarar tana fitar da hoto ta wata waya mai kauri, mai kan ƙarfe da ake murɗawa. Na'urorin aika hoto na masu sha'awa kuwa ba su san wannan yaren ba, sai ƙaramin baki mai faɗi irin na bayan talabijin ɗin gida. Dole a samu abin da zai tsaya tsakani ya yi musu tafinta. Da ya tambayi kuɗin na ƙwararru, sai ya gane fanshonsa ko kusa ba zai kai ba.

Ya daɗe yana juya abin a ransa. Daga ƙarshe, ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya sayo ƙaramin akwati mai araha, ɗan'uwan wanda ya yi wa dariya a gwangwanin Tela.

Ya duƙufa. Da farko hoton ya ƙi fitowa sam, domin kyamarar da akwatin ba su daidaita a kan girman hoto da saurinsa ba. Da ya shawo kan wannan, sai murya ta riƙa riga leɓe fita. Da ya gyara muryar, sai akwatin ya riƙa zafi yana ɗaukewa. Ya buɗe shi, ya canza wasu 'yan kayan ciki, ya ciro fanka daga tsohuwar kwamfuta ya ɗaura masa. Ɗakin ya cika da ƙaurin dalma da guntayen waya.

Ranar Lahadi kuwa yakan kunna nasa talabijin ɗin ya kalle su a ɓoye, su ba su ganinsa. Tela ya nuna rigar da ya ɗinka, Malama ta nuna tumatirin da ta shuka a bokiti, Direba ya ba da labarin hanya, Likita ya yi ta tsokanar kowa. Wani lokaci sai Injiniya ya ji dariya ta kufce masa shi kaɗai a ɗaki. Sai ya tsuke fuska ya ce, "Dubi launi kamar ruwan kwata."

Wata safiya Likita ya kira shi a waya. Muryarsa ba ta da ƙarfi kamar da.

"Injiniya, kwana biyu. Ciwon sugan nan ya taɓa mini ƙafa, ba na iya hawa sama. Ga Dillaliya ta fara ɗaukewa ana tsakiyar hira. Su Tela sun duba ba su gane ba. Ko za ka leƙo mana?"

"Ai na gaya muku tun farko, kayan banza kuka tara. In na gama nawa zan duba."

"To, Allah ya ba da iko. Ka san yanzu ba na fita, hirar nan ita ce kasuwata, ita ce majalisata."

"Na ji," in ji Injiniya, ya kashe.

Bayan wasu kwanaki kiran ya sake shigowa. Lokacin yana riƙe da ƙarfen liƙi, idonsa a kan wata 'yar siririyar waya. Ya kalli sunan Likita a fuskar salularsa, ya bar ta ta yi ta ƙara har ta gaji.

A makon ne ya kwance eriyarsa don ya sake mata tsari, ya daina kallon su gaba ɗaya. Ya ce a ransa ba zai ƙara ganinsu ba sai ranar da su ma za su gan shi.

'Yarsa ta kira ta ce, "Baba, kana fita kuwa? Muryarka kamar wanda ya daɗe bai yi magana ba."

"Aiki nake yi."

"Wane irin aiki ne ba ya barin mutum ya ga mutane?"

"Ba za ki gane ba," in ji shi.

Watanni suka shuɗe. Ranar da ya gama, hoton da ya gani a allon gwaji ya sa shi kansa ya jinjina kai. Fes, babu rawa, launi daidai, murya tana tafiya tare da leɓe. Da kayan araha ya fitar da abin da babu mai bambance shi da na babbar tasha.

Lahadi na zagayowa ya yi wanka, ya sa rigar da ya fi so, ya gyara fitilu, ya zauna gaban kyamara. Ya kunna, ya faɗi lambar lasisin da shi ma ya yanka, ya yi sallama.

Shiru.

Ya sake yin sallama. Allon da ya kamata ya nuna masa sauran ya tsaya baƙi ƙirin. Ya duba wayoyi, ya hau sama ya duba eriya, ya dawo ya auna komai. Babu abin da ya lalace a wajensa. Ya zauna cikin rigarsa mai guga yana kira, har rana ta take tsaka. Babu wanda ya amsa.

Washegari ya ɗauki jakar kayan aiki ya nufi gidan Likita, yana ta shirya faɗan da zai yi musu a kan sakaci.

Matar Likita ce ta buɗe ƙofa. Ta rame. Ta dube shi, ta dubi jakar.

"Injiniya ne? Shigo."

A falo ya ga gado an jingine shi da bango, babu katifa. Ga ƙaramin talabijin a kan teburi an rufe shi da zane.

"Hajiya, ina Likita?"

"Allah ya yi masa rasuwa. An kusa wata biyu." Ta zauna a bakin kujera. "Mun kira wayarka ba a ɗauka ba."

Da ƙyar ya yi mata ta'aziyya.

Ta ce, "Tun kafin ya rasu na'urar sama ta mutu gaba ɗaya. Su Tela suna zuwa gaishe shi in sun samu sarari, amma kowa da hidimarsa. Duk Lahadi sai ya ce in kunna masa, ko an dace. Ya yi ta kallon baƙin allo. In na ce ya haƙura, sai ya ce, 'Bar shi, Injiniya ya ce zai zo. Mutum ne mai aiki da yawa.'"

Ba da faɗa ta faɗi maganar ba, kuma hakan ya fi yi masa ciwo.

Ya roƙi izini ya hau sama. Dillaliya tana nan a cikin akwatin ƙarfe a gindin eriya. Ya kwance murfin. Tsuntsu ne ya cusa ciyawa ta ramin iska, fankar ta cushe ta ƙone, na'urar ta riƙa kashe kanta saboda zafi. Ya share ciyawar, ya ɗauko wata fanka a jakarsa ya ɗaura. Fitilar ta kawo kore.

Aikin gaba ɗaya bai kai a dafa shayi a sha ba.

Injiniya ya zauna a kan simintin da rana ta gasa, sukundireba a hannunsa, ya daɗe bai motsa ba.

Da ya sauko ya ce, "Hajiya, ta tashi. In kina so a kwashe ta, zan kwashe."

"Bar ta a nan," in ji ta. "Shi ma da haka zai ce."

Daga nan bai koma gida ba. Ya nemi Direba, aka ce ya sayar da kayan tasharsa tuntuni, wai abin ya fita ransa. Ya je makarantar Malama ya jira ta a bakin ƙofa har aka tashi. Ta saurare shi, ta ce za ta gani.

Shagon Tela ne ya fi yi masa wuyar shiga. Ya yi sallama, Tela ya amsa ba tare da ya ɗaga kai daga keken ɗinki ba.

"Na zo in ba ka haƙuri," in ji Injiniya. "Abin da na faɗa a kan kayanka ban kyauta ba. Irin akwatinka na saya daga baya, da shi nake aiki."

Tela ya ci gaba da taka keke. Can ya ce, "Ni ba komai. Wanda ya kamata ka ba haƙuri ba ya nan."

"Na sani."

Ya tsaya kaɗan, ya ga babu ƙarin magana, ya juya ya fita.

Lahadi ta farko shi kaɗai ya yi ta sallama. Ta biyu Malama ta fito, suka gaisa sama-sama, ta tambaye shi yadda ya daidaita murya da leɓe, ya yi mata bayani dalla-dalla ba tare da gatse ba. Haka suka yi ta yi su biyu.

Sai da aka daɗe, wata Lahadi, allon ya motsa, fuskar Tela ta bayyana. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya ce kafin komai a yi wa Likita addu'a. Aka yi.

Da aka shafa, ya gyara zama ya ce, "Injiniya, sautina yana wata ƙara kamar sauro ya shiga ciki. Ranar Laraba ka zo shago da abin awonka. Amma ka sani, kai za ka sayi shayi."

"Zan zo," in ji Injiniya.

Ranar Laraba, da Tela ya iso da makulli a hannu, ya tarar da dattijon zaune a kan dakalin shago, jakarsa a kan cinya, yana jira a buɗe.

Darasi: Ilimin da ka riƙe don ka burge mutane ba zai hana ka kaɗaici ba. In wani ya nemi taimakonka a kan abin da ka iya, je ka yau, kada ka ce sai ka gama naka, domin ba ka san ko zai kai lokacin ba. Kada kuma ka raina ɗan abin da wani ya haɗa da hannunsa gwargwadon ƙarfinsa. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai wannan labari, wataƙila akwai mai kiran da ya daɗe bai mayar ba.