Hankaka da Dutsen da Gafiya ta Tono

An yi wani Hankaka mai kwaɗayin abin hannun wasu. In ya ga abu mai ƙyalli, hankalinsa ba ya kwanciya sai ya mallake shi. Maƙwabciyarsa Gafiya ce, wadda ba ta da aiki sai haƙa. A kan itacen kanya kuma akwai tsohuwar Hawainiya, ita ake kai wa ƙara saboda ba ta gaggawar magana.

Wata rana Gafiya tana haƙa a gindin tsauni sai ta tono wani ɗan dutse, bai fi ƙwayar gurjiya girma ba. Da ta wanke shi a rafi ta ɗaga a rana, sai ga shi kore shar kamar sabon ganyen zogale.

Hankaka ya sauko da sauri. "Gafiya, me za ki yi da wannan a cikin rami? Kawo in ajiye miki."

"A'a, Malam Hankaka. Tun da nake haƙa ban taɓa ganin irinsa ba."

Hawainiya ta leƙo daga sama ta ce, "'Yata, naɗe shi a audugar rimi, shi kaɗai. Yana da tauri, zai karce duk abin da kika haɗa shi da shi. In ya yi datti, ruwa mai ɗumi ya ishe shi."

Gafiya ta yi yadda aka ce. Washegari da hantsi ta ajiye ƙullin a bakin rami ta shiga shara. Hankaka ya sure shi, sai cikin gari.

A rufin wata maƙera yake ɓoye kayansa, ta ciki, inda rana ba ta kaiwa. Babu haske sai na wutar da maƙeri yake zugawa a ƙasa. Hankaka ya kwance ƙullin, sai ya ga dutse ja wur kamar ruwan zoɓo.

"Kai! Gafiya ta cuce ni! Ta ɓoye koren, ta ajiye mini wannan!"

Ya naɗe shi, ya taso a fusace. Ya tarar dabbobi sun taru a gindin kanya, Gafiya tana kuka. Ya jefa mata ƙullin.

"Ungo tarkacenki, macuciya! Ina koren? Ja na gani a ciki!"

"Au, ashe kai ka ɗauka?" in ji Gafiya.

Ta kwance audugar a rana. Ga dutse kore shar. Hankaka ya saki baki.

"Wallahi ja ne! Da idona na gani!"

Hawainiya ta juya ido ɗaya ta dube shi. "A ina ka buɗe shi?"

"A rufin maƙera, inda nake ajiye kayana!"

"To, ba ƙarya ka yi ba. Irin wannan dutse kore ne a hasken rana, ja ne a hasken wuta. Kakata ta ce sau ɗaya ta taɓa ganinsa a rayuwarta." Ta juyo da ɗaya idon ma kansa. "Amma waɗanne kaya ne naka a rufin maƙera?"

Kafin ya amsa, tsuntsaye sun tashi fir, sun nufi maƙerar. Ba a jima ba suka dawo, wannan da tsakiyar wuyanta da ta ɓace bara, wancan da ɗan madubinsa. Ko tsinke ba su bar masa ba.

Gafiya ta naɗe dutsenta ta shige rami. Hankaka ya zauna a reshe shi kaɗai, babu mai ko kallonsa.

Darasin wannan labari shi ne, kwaɗayi yana rufe wa mutum ido har ya kasa gane darajar abin da ya riƙe, kuma mai ɗaukar kayan wasu sau da yawa bakinsa ne yake tona masa asiri.