Malamin Da Ya Hana Barcin Rana

Akwai wani malamin lissafi mai suna Kuang Deming a wata sakandare da ke gefen birnin Chongqing a ƙasar Sin. Ya iya aikinsa, kuma kash, ya san ya iya.

Wata shekara zafi ya yi zafi, har aka rufe makarantu ana gab da jarrabawar shiga babbar sakandare. Da aka dawo, littafi na nan da sauransa, lokaci kuwa ya tafi.

Sai ya sa ido a kan barcin rana. Kullum bayan an ci shinkafa, a ja labule, kowane ɗalibi ya kifa kai a teburinsa. Malam Kuang ya ce a ajinsa an daina, za a riƙa darasi.

Abokiyar aikinsa, Malama Dou, ta ja shi gefe ta ce yaran nan ba ƙarfe ba ne. Ya yi dariya ya ce, "Yaya Dou, ke ci gaba da renon jarirai. Ni ina da littafin gamawa."

Wadda ya fi ji da ita a ajin ita ce Yuzhen, 'yar wani ɗan dako. Jarrabawar nan ce kaɗai ƙofar da take da ita. Duk sanda ta fara gyangyaɗi, sai ya tura ta bayan aji ta yi karatu a tsaye. Ba ta taɓa musu ba.

Ya gama littafi kafin kowa, har da yi wa Malama Dou kallon tausayi.

Ranar jarrabawa, lissafi ya faɗo da rana tsaka. Yuzhen ta kifa kai don ta huta kaɗan. Mai tsaron jarrabawa ya ƙwanƙwasa teburinta, ta ɗago, ta sake komawa. Ƙararrawar tashi ce ta farkar da ita, rabin takardar fari fat.

A bakin ƙofa Malam Kuang ya tare ta da murmushi. Ta sunkuyar da kai.

"Malam, ka yafe mini. Duk na san amsoshin. Da sun bar ni na tsaya a tsaye, da na gama."

Abin tausayi, yarinyar ce ke ba shi haƙuri.

Darasi: Lokacin da ya wuce ba a fanso shi daga jikin yaro. Hutu ma yana cikin karatu. Ku tura wa malamai da iyayen da kuka sani, tun zafin bana bai kankama ba.