Sunan Datti a Cikin Akwatin Wasa

Akwai wata mata a Mararaba mai suna Hajiya Ikilima. A shekara guda ta rasa mijinta Datti da shagonsu na Wuse. Abin da ya rage mata shi ne wani tsohon akwatin wasa mai tsayin mutum, irin wanda ake jefa wa ƙwandala a yi dambe a cikin allo.

Datti ya saye shi tun Abuja tana jar ƙasa. Daga Wuse akwatin ya bi su Karu, daga Karu ya sauka ƙofar ɗakinta a Mararaba, inda take soya masar sayarwa.

Hajiya ba ta yi boko ba, amma ta san haruffa uku: DAT. Duk sanda aka kunna akwatin, sai jerin gwanaye ya fito, sunan mijinta a sama. Shekara ashirin ba wanda ya ture shi.

Wata safiya aka kunna, kiɗa yana tashi, allo kuwa baƙi ƙirin.

Ta kira Zacharias, tsohon mai gyaran talabijin. Ya buɗe bayan akwatin, ya shinshina.

"Hajiya, allon wayoyin ciki da ke fitar da hoto ne ya ƙone. Zan bi shi a hankali in gyara. Dubu arba'in."

"Sha biyar."

"Arba'in."

"Oga Zacharias, ka tambayi masu tumatir. Tunda na zo garin nan ban taɓa biyan kuɗin farko ba. Da wannan furfurar taka ba za ka fara da ni ba."

Ya mayar da sukudirebansa aljihu, ya ɗauki masa biyu, ya biya, ya tafi.

Washegari ta ɗora akwatin a kura zuwa shagon wani James da ke bakin titi. Kafin ta zauna ya ce sha biyar ya yi. Ta gyara ɗaurin ɗankwali tana murmushi.

James ya fara kwance kusoshi yana talla. "Mama, duk wannan tarkacen na ciki zan kwashe in zubar. Sabon allo zan sa, mai wasanni ɗari biyar."

"Madalla. Sunan Datti dai zai fito a sama ko?"

"Wane Datti? Komai sabo ne, Mama. Tsohon suna ya tafi bola."

Ta miƙe ta riƙe masa hannu. "Mayar da kusoshin nan yadda ka gan su."

Haka aka sake turo akwatin, ta gaban masu tumatir, har ƙofar Zacharias. Ya leƙo ta saman tabarau.

"A'a, Hajiya, yawon buɗe ido kuka fita ke da shi?"

"Ka bar wannan. Sunan mutumin zai tsira?"

"Sunan yana wani allon daban a ciki, ba zan taɓa shi ba. Na san Datti. Ni ne na uku a jerin nan, ZAK. Shekara nawa ina binsa ban kamo shi ba."

Sati uku ya yi a kai. Har Tungan Maje ya je ya ciro wasu ƙananan kaya daga matacciyar talabijin. Kullum Hajiya sai ta leƙo ta ce ya cika nawa, shi kuma ya ce ta cika surutu.

Ranar wata Juma'a ya kunna. Allo ya yi ja, ya yi kore, sannan ya daidaita. Ga DAT can a sama.

Hajiya ta daɗe tana kallo. Ta goge gilashin da bakin mayafinta, ta juyo.

"Talatin da biyar."

"Hajiya."

"To, arba'in ɗin. Na yarda, ko sisi ban rage ba, da masa kyauta duk Juma'a. Amma in masu tumatir suka ji, ni da kai ne."

Darasi: Ciniki halal ne, amma kafin ka rage wa mai sana'a kuɗi, tambaye shi me zai taɓa, me zai bari. Mai araha ya kusa zubar mata da abin da kasuwa ba ta sayarwa. Ku tura wa gwanin ciniki na gidanku, kun san shi.