Ilu da Matashin Karan-Miski

An yi wani mutum a wani gari, wani bawan Allah da ake kira Ilu. Ba zamanin kakanni ba ne, lokacin da kwamfutar hannu ta fara shigowa ƙananan garuruwa ne. Ilu yana da 'yar rumfa a bakin kasuwa, da tsohuwar laftof guda, da benci. Samari su zo su biya, su buga wasan ƙwallo a kwamfutar, da abin da ya samu yake ciyar da iyalinsa. Mutum ne marar hayaniya. In aka kira salla, komai daɗin wasa, zai rufe kwamfutarsa ya ce a tashi.

Yana da ɗan gwaggo, abokin wasansa, mai suna Sadisu. A bencin Ilu Sadisu ya koyi sana'ar. Sai wan Sadisu da ke aiki a birni ya aiko masa da sabuwar laftof, irin wadda har gumin goshin 'yan wasa ake gani a cikinta. Sadisu bai tsaya neman wuri da nisa ba, ya kafa rumfarsa a tsallaken titi, tana kallon ta Ilu.

To ku saurara, iyaye mata 'yan'uwana, don daga nan ne zancen ya shafe mu.

Samari suka kwashe kaf suka koma tsallake. Ilu yana zaune yana jin shewarsu in an ci ƙwallo. Yaran da ya san sunan iyayensu, yaran da yake bari su ƙarasa wasa ko lokacinsu ya cika, su ne yanzu suke wucewa ta gabansa suna sunkuyar da kai. Sadisu kuma bai bar tsokana ba.

“Yaya Ilu, wannan kwamfutar taka ai sa'ar Gwaggo ce. Ka kai ta gida ta huta mana.”

“Ja'iri,” in ji Ilu yana dariya, “da ita aka yaye ka.”

Dariyar a baki ta tsaya. Ciki kuwa wuta ce. Ya koma gida tuwo ba ya shiga. Ya rufe ido, sabuwar kwamfutar yake gani. Ya ce a ransa, ni na koya masa, ni na riga shi, don me shi? Don me shi? Bai faɗa wa kowa ba, amma tambayar nan tana bin sa har masallaci.

Ana nan sai sabuwar kwamfuta ta fara wani hali. Wasa ya yi nisa, fankar cikinta ta hau gurnani, jikinta ya ɗau zafi kamar murfin tukunya, sai ɗif, ta mutu. A kunna, a sake wasa, ta sake mutuwa. Samari su kaure da gardama, wannan ya ce shi ke ci, wancan ya ce ƙarya ne. Da abin ya ishe su, suka fara tsallako titi suna dawowa wurin Ilu.

Wata rana Ilu ya shiga rumfar Sadisu da sunan gaisuwa. Kallo ɗaya ya yi ya gane ciwon. Mahaifiyar Sadisu, Gwaggo Tabawa, don tsabar tattalin kayan ɗanta, ta ɗinka wa kwamfutar matashi na karan-miski, ta cusa masa audugar rimi, aka ɗora ta a kai kamar amarya. Ta kuma ɗinka mata riga mai rufe gefe da gefe, wai don kada idon mutane ya faɗa mata. Hujojin da iska ke shiga ta ƙasa sun nutse cikin matashi, waɗanda zafi ke fita ta gefe riga ta toshe su. Ilu ya san wannan, don tasa ta taɓa yi masa haka lokacin da yake ɗora ta a katifa.

Ya buɗe baki zai yi magana. Sai ya waiga ya hango bencinsa a cike. Ya rufe bakin, ya ce, “Allah ya sawwaƙe,” ya fita.

Ku riƙe wannan da kyau. Bai yi ƙarya ba. Bai taɓa kayan kowa ba. Shiru kawai ya yi, shirun kuma ya yi masa daɗi.

Gwaggo Tabawa ta ce ai wannan ba ciwon inji ba ne, ido ne. Ta ƙara wa rigar kauri, ta kawo kaskon turaren wuta ta ajiye kusa da kwamfutar. Ta tsaya a bakin rumfa tana kallon tsallaken titi, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. “Akwai wanda ya sa wa yaron nan ido, kuma ba bare ba ne.” Ilu ya ji. Ya yi kamar bai ji ba.

Kwamfuta kuwa ta ƙara lalacewa, har ta kai ba a gama rabin wasa. Rannan da la'asar sai ga Sadisu ya tsallako, ya rungumo ta da rigarta da matashinta. Babu tsokana a bakinsa.

“Yaya, ka karɓi abin nan. Ko me ka ba ni na gode, ka cire abin da zai yi maka amfani. Ni birni zan tafi neman dako.”

Ya ɗora ta a cinyar Ilu. Ilu ya shafa murfinta. Abin da ya hana shi barci, ga shi a hannunsa, mai shi da kansa ya kawo. In ya cire riga, ya jefar da matashi, shi ke nan, tasa ce, garin ma nasa ne shi kaɗai. Babu wanda zai ce ya yi sata.

“Jira ni in yi salla,” ya ce.

Yana alwala maganar Gwaggo ta dawo masa. Ya ce a ransa, tsohuwar nan ta yi kuskure a kan inji, amma a kaina ba ta yi kuskure ba. Idon da take faɗa nawa ne. Ya daɗe a sujada. Da ya fito, ya zauna kusa da Sadisu.

“Ba zan saya ba. Lafiyarta ƙalau, numfashi kuka hana ta.”

Ya tuɓe mata riga, ya kife ta, ya kwance murfin ƙasa. Audugar rimi ta dunƙule a bakin fanka kamar sheƙar tsuntsu. Ya zare ta a hankali, ya bi hujojin da tsohon buroshi, ya mayar da murfi. Ya samo marafan kwalba ya sa a ƙarƙashin kusurwoyinta a kan katako, don iska ta riƙa ratsawa. Suka kunna, suka buga wasa har ƙarshe, suka sake wani. Fanka tana juyawa shiru, ba ta mutu ba.

Sadisu ya kalle shi. “Yaushe ka gane, Yaya?”

“Tun ranar da na shigo gaishe ka.”

“To me ya hana ka faɗa mini?”

“Hassada ce. Ka yafe mini.”

Sadisu ya rasa inda zai sa idonsa. Can ya ce, “Ka san gobe duk wurina za su dawo?”

“Na sani. Ɗauki kayanka kafin Shaiɗan ya dawo daga inda na kora shi.”

Kuma haka aka yi. Ba zan yi muku daɗin baki in ce washegari arziki ya sauko wa Ilu ba. Samari sun koma tsallake, bencinsa ya sake zama wayam, zuciyarsa kuma ba ta daina suya nan take ba. Abin da ya riƙa yi shi ne, duk sanda shewa ta tashi a rumfar Sadisu, ya ji abin ya soke shi, sai ya ce a fili, “Allah ya ƙara masa albarka.” Yana faɗa yana jin ɗaci, yana faɗa yana jin ɗaci, har aka wayi gari harshen ya jawo zuciyar ta bi shi.

Darasin ke nan. Mutumin kirki ba shi ne wanda hassada ba ta taɓa shiga ransa ba. Shi ne wanda ta shiga, ya hana ta aiki da hannunsa, da bakinsa, da shirunsa ma. Mu duba kanmu. Ɗan maƙwabciya ya fi naki ƙoƙari a makaranta, kin ga abin da zai cuce shi, kin kawar da kai kin ce ba ruwanki. Wannan ba kamun kai ba ne, hassada ce ta yi lulluɓi. Yaranmu kuma suna kallon fuskarmu in an yabi ɗan wani, a nan suke ɗaukar karatun da ba mu yi niyyar ba su ba. In kin san maganin damuwar 'yar'uwarki, ki tashi ki faɗa mata yau, ko da faɗin zai mayar da ita gabanki. Allah ya wanke mana zukata, ya tsare mana 'ya'yanmu daga gadon wannan ciwo.