Sarki a Marmaron Malam Barmo

An ce wani sarki ya yi zamani a wata ƙasa mai yalwa, Allah ya hore masa zaman lafiya da maƙwabta da albarkar damina. Amma da shekarunsa suka haura hamsin sai wani ciwo ya kama shi wanda aka rasa sunansa. Ba zazzaɓi ba ne, ba kuwa rauni ba. Wuyansa da bayansa ne suka sandare, jikinsa ya yi nauyi, abinci ya daina yi masa daɗi, har ya zamana in an kawo akushi sai ya ɗaga murfi ya duba ya mayar. Masu magani suka yi ta jiƙe-jiƙe da turare-turare, abin bai gusa ba.

Sarkin nan yana da waziri, abokinsa tun suna yara, tare suka yi karatu gaban malami ɗaya. Ramar sarki ta fi damun waziri fiye da yadda ta dami sarkin kansa. Wata rana bayan fada ta watse ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, fatake sun ba ni labarin wani dutse a kan iyakarmu ta kudu. A can samansa akwai marmaro mai ruwan ɗumi, da wani tsoho, Malam Barmo, da ke kula da wurin. Sun ce mutum kan hau a sunkuye ya sauko a miƙe. Ka yarda mu gwada."

Sarki ya ce, "Ai ka fi ni son lafiyata, Waziri. Yi yadda ka gani."

Waziri ya riga shi yin gaba da kwana uku don ya gyara masauki. Da sarki ya iso gindin dutsen sai aka tarar doki ba ya iya hawa, don hanyar siririya ce, tana bin bakin kwazazzabo. Aka ɗora shi a kan gadon kara, ƙarti huɗu suka ɗauka a kafaɗa. Suka yi ta hawa tsakanin manyan duwatsu da itatuwan hano da marke, birai na leƙensu daga sama, har gajimare ya koma ƙarƙashin ƙafafunsu. Can saman suka tarar da fili mai ciyawa kore shar, da bukkoki a jere, da ruwa yana ɓulɓulowa daga tsagar dutse yana tururi, yana taruwa a wani kwarmi mai faɗin ɗaki biyu. Iskar wurin sanyi gare ta, ga ƙamshin ganye. Ba kowa sai wani tsoho siriri mai farin gemu, yana tsaye riƙe da ƙwarya.

Tsohon ya rusuna ya ce, "Maraba da sarki. Ni ne Barmo. Ga ruwa, ga baƙin taɓo a gefensa, ga kunun acca da zuma. Abin da nake da shi ke nan."

Sarki ya zauna kwana bakwai. Kowace safiya yakan shiga ruwan shi kaɗai, fadawa sun kewaye wurin sun juya baya. Yakan ɗebi taɓo ya shafa a hannu da ƙirji da gwiwa, ya zauna a rana har ya bushe, ya koma ya wanke. Wurin ya yi masa kyau ƙwarai, yakan daɗe yana kallon shaho na shawagi a kan kwari. Amma bayan nan nasa yana nan kamar icce, kunun kuwa ko rabin ludayi ba ya iya sha.

A rana ta takwas da hantsi ya sa aka kira tsohon. Ya ce, "Malam, ko dai fatake sun yi wa waziri ƙarya, ko kuwa ruwanka yana zaɓen wanda zai warkar. Wanne ne?"

Malam Barmo ya zauna a ƙasa ya naɗe ƙafa. Ya ce, "Ya sarki, in ka ba ni aminci, zan yi maka tambaya biyu kafin in amsa taka ɗaya."

"Na ba ka."

"Wace ƙasa ce a cikin mulkinka, faɗinta bai fi taƙi biyu ba, tun da aka haife ka kuna tare, amma idonka bai taɓa ganinta ba, hannunka kuma bai taɓa kai wa tsakiyarta ba?"

Sarki ya yi tunani. Ya ce, "Kabarina?"

"Allah ya nisanta. Wannan ai ba ku haɗu ba tukuna."

"Zuciyata?"

"Ita kam hannunka na kai wa kanta kullum in ka yi rantsuwa."

Sarki ya motsa don ya gyara zama, ciwo ya soke shi tsakanin kafaɗu, ya yi ƙoƙarin kai hannu wurin ya kasa. Sai dariya ta kama shi, dariyar da ya yi wata shida bai yi irinta ba. Ya ce, "Bayana!"

Tsohon ya ce, "Shi ne, ya sarki. A nan ciwonka yake, kuma nan ne kaɗai taɓon bai taɓa ba. Fadawanka suna tsoron taɓa jikinka, ni kuma hannuwana sun tsufa. A wurin nan ba ni nake warkarwa ba. Masu ciwo ne ke zama a jere a bakin ruwa, kowa ya shafa wa na gabansa, na ƙarshe ya tashi ya zagayo ya shafa wa na farko. Suna yi suna hira, suna yi wa juna tsiya, in an gama su ci abinci a ƙwarya ɗaya."

Sarki ya ce, "To, ina masu ciwon? Ni ban ga kowa ba."

"Tambayata ta biyu ke nan. Bukkoki nawa ka gani a nan?"

"Ashirin da huɗu. Na ƙidaya su don rashin abin yi."

"Ran da ka iso, a gaban kowace akwai murhu, a cikin kowane murhu akwai toka sabuwa. Ya sarki, tsoho ɗaya yana hura wuta ashirin da huɗu?"

Sarki ya juya ya dubi waziri. Waziri ya sunkuyar da kai, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Ni na sa aka sauke su, ranka ya daɗe. Na ga masu tari da masu ƙuraje da guragu, na ji tsoron kada su ƙara maka wani ciwon a kan naka. Suna can gindin dutse ta gefen gabas, inda ba za ka gan su ba."

Ran sarki ya ɓaci, ya buɗe baki zai yi magana, sai tsohon ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ya sarki, kada ka yi masa faɗa da yawa. Shi ƙauna ce ta rufe masa ido kwana ɗaya. Kai kuwa kwana bakwai kana wuce tokar nan, idonka a buɗe."

Maganar ta shiga sarki har ƙashi. Daga nan ya tuɓe alkyabba da rawani, ya karɓi wata tsohuwar taguwa wurin Malam Barmo ya sa, ya ce wa waziri, "Tashi, abokina. Kai ka sauke su, ni aka sauke su domina. Mu biyu za mu je mu hawo da su." Ƙarti suka kawo gadon kara, ya ce su biyo shi da shi ba kowa a kai.

Da ƙafa ya sauka, yana dafa duwatsu. Suka tarar da mutanen a ƙarƙashin wata ƙatuwar ɗorawa, sun yi rumfunan ganye. Aka gaya musu an buɗe hanya, masu iya tafiya suka kama hawa suna hamdala, aka ɗora wata tsohuwa a kan gadon sarki. Aka bar mutum ɗaya kwance, wani dattijo manomi da ake kira Baba Nomau. Sanyin ƙashi ne ke damunsa, ga idonsa ya yi rauni. A sama har ya fara takawa da sanda, amma kwana goma a ƙasa mai laima sun sake ɗaure masa ƙafafu.

Sarki ya durƙusa gabansa ya ce, "Baba, hau bayana."

Dattijon ya lalubi kafaɗarsa ya ce, "Kai, ɗana, wannan baya naka ai ya fi nawa tauri. Za ka iya kuwa?"

"In na gaji ga ɗan'uwana nan, zai karɓe ni."

Haka suka yi ta hawa, sarki ya ɗauka ya gaji, waziri ya karɓa, waziri ya gaji, sarki ya karɓa. Baba Nomau kuwa bakinsa bai huta ba. Ya ba su labarin gonarsa ta gero, da jakinsa mai taurin kai, da jikokinsa tara. Da suka kai wata kwana sarki yana haki ya ce, "Baba, kana jin haushin sarkin da aka kore ku dominsa?"

Dattijon ya ce, "Da fari na ji, ba zan ɓoye maka ba. Daga baya na yi tunani, na ce mutumin da sai an kori jama'a kafin ya yi wanka, ai ciwonsa ya fi nawa. Ni ko ba komai ina da wanda zai ce mini, Nomau, ka cika surutu. Shi wa zai ce masa? Wallahi da zan same shi, da na murza masa bayan nan da kyau, in ga ko zai saki."

Hawaye suka zubo wa sarki suka gauraya da gumi, bai samu hannun sharewa ba. Waziri da ke biye ya kau da kai.

Sai da la'asar suka kai sama. Mutane suka jeru a bakin ruwa yadda suka saba, sarki ya zauna a cikinsu, mai tari a gabansa, Baba Nomau a bayansa. Dattijon ya cika hannu da taɓo ya danna masa tsakanin kafaɗu da ƙarfin mai riƙon garma, har sarki ya yi ƙara. Wani bafade ya zabura ya ce, "Kai, tsoho, a hankali! Sarki ne fa!"

Hannun Baba Nomau ya tsaya cak. Can ya ce, "Sarki? Wanda ya goyo ni?"

Sarki ya ce, "Ni ne, Baba. Ka yi alkawari a hanya, ga bayan nan, cika."

Dattijon ya kwashe da dariya ya ce, "To, Allah ya ba ka nasara, daure, don ban fara ba tukuna." Jama'a suka fashe da dariya. Da aka kawo kunu sarki ya sha ƙwarya guda, ya miƙa a ƙara.

Ya yi wata ɗaya cur a dutsen. Bayansa ya saki, ƙafafun Baba Nomau ma suka saki, har su biyu suna zagaya filin da safe suna gardama a kan irin geron da ya fi jure fari. Ran da zai sauka ya ce wa Malam Barmo ya roƙi duk abin da yake so. Tsohon ya ce a gyara hanyar bakin kwazazzabo don guragu, kuma kada a sake sauke kowa domin kowa. Sarki ya ce an yi.

Ya riƙe hannun tsohon ya ce, "Malam, shekara ashirin ina shari'a, ina zaton adalci shi ne in saurari wanda ya kawo ƙara gabana."

Malam Barmo ya ce, "Wannan rabinsa ne, ya sarki. Wanda aka fi zalunta ba ya isowa gabanka, don an kawar da shi tun kafin ka zo. Duk inda aka yi maka shimfiɗa, tambayi wa aka tayar kafin ka zauna."