Lambun da Ya Hau Bangon Hajiya Barmani

To, ku gyara zama. Labarin yau ba irin wanda ake ji a tashi a karkaɗe riga ba ne, irin wanda ake ji a zauna a yi gardama ne. Kowa ya kasa kunne, don in na kai ƙarshe ni zan yi shiru, ku za ku yi magana.

Can kudu, inda ƙasa ta ƙare teku ta fara, akwai wani gari da Hausawan zangonsa ke kira Gaɓar Kwakwa. Asalinsa garin masunta ne, amma da yake yashin bakin ruwansa fari ne tas, ga iska mai daɗi, sai masu yawon buɗe ido suka gano shi, suna zuwa daga kusa da nesa su sha iska su ci kifi. A nan wata mata mai suna Hajiya Barmani take da masaukin baƙi, bene mai hawa uku, wanda ita da marigayi mijinta suka gina da sana'ar tuwo da cinikin goro. Mace ce mai fara'a da son mutane, in baƙo ya kwana biyu a gidanta sai ta san har sunan kakarsa.

'Ya'yanta uku. Babban shi ne Haladu, kafinta mai gyaran kwale-kwalen masunta, mutum mai ƙarancin magana. Da yake ɗan fari ne, Hajiya ba ta kama sunansa, sai dai ta ce Kafinta. Mai bi masa Tasi'u, aikin famfo yake yi, ga surutu ga dabara, ba ya ganin abu bai kwance shi ya ga cikinsa ba. Auta ita ce Atine, tana aure nan cikin unguwa, ita ke riƙe da girkin masaukin.

Ana nan ana nan, sai manyan otal-otal suka tsiro a bakin ruwan, masu na'urar sanyaya ɗaki. Shi kuwa gidan Hajiya, bangonsa na yamma rana ke dukansa tun azahar har faɗuwarta, ɗakunan su koma kamar tanderu. Baƙo ya kwana ɗaya yana juyi cikin gumi, gari na wayewa ya saɓi jakarsa ya yi gaba. Ba a gama da wannan ba, hukumar gari ta yi shela cewa ruwan kwata da robobi sun fara korar kifi da baƙi gaba ɗaya, saboda haka duk masaukin da ke zubar da ruwan wanka da wanke-wanke cikin teku, in damina ta wuce bai gyara ba, za a rufe shi. Kwatar Hajiya kuwa miƙe take sak, ta ratsa yashi ta faɗa teku, gidan kuma a matse yake tsakanin titi da gaɓa, babu filin da za a haƙa rami. Har wani attajiri ya aiko a taya gidan, wai ya rushe ya gina nasa. Hajiya ta ce a gaishe shi, amma gidan da ta ɗauki yashinsa a kanta ba na sayarwa ba ne. Ta faɗa dai da ƙarfin hali, amma abinci ya daina yi mata daɗi.

Wata rana da la'asar tana duba bayan benen, sai ta ga wani soso ya tsiro a bakin kwatar, ba wanda ya shuka shi, ya kama bango yana hawa. Ta sa hannu ƙarƙashin ganyen ta taɓa bangon, ta ji sanyi. Ta matsa gefe ta taɓa inda babu ganye, ta janye hannu da sauri. Sai ta tuna ɗakin kakarta a ƙauye, yadda duma ke lulluɓe jinka, mutum ya shiga da tsakar rana ya yi barcinsa. Nan take ta aika aka kira mata 'ya'yan.

Ta ce, "Lambu nake so ku yi mini."

Tasi'u ya yi dariya ya ce, "Hajiya, lambu a ina? Ko tabarma ba mu da inda za mu shimfiɗa a waje."

Ta ce, "Ƙasar da ke kwance ce ba mu da ita. Bango kuwa ga shi nan tsaye, hawa uku, ba abin da yake yi sai shan rana. Ruwan da ake cewa kada mu zubar, shi ma a ba shi aiki."

Suka dubi juna. Ba wanda ya taɓa ganin an yi noma a tsaye, amma maganar uwa ce, kowa ya ce to.

Haladu ne ya fara. Da farko ƙarfe ya kafa, kafin wata ya zagayo iskar gishiri ta cinye shi da tsatsa. Sai ya cire shi. Ya bi abokansa masunta ya karɓo katakon tsofaffin kwale-kwale, irin wanda ya shekara da shekaru cikin ruwan gishiri bai ruɓe ba, ya haɗa da gora, ya kafa wata irin danga tun daga ƙasa har rufin bene. Bai manna ta da bango ba, ya bar tazarar tafin hannu don iska ta riƙa ratsawa, kada danshi ya ci ginin. Sannan ya ɗaura tsohon taru a kai, ya tattara gorunan robar da teku ke amayarwa a gaɓa, ya yanka su, ya jera su sahu-sahu kamar kunyoyin gona. Yana lilo da igiya a hawa na uku, Hajiya na ƙasa ta kau da kai kamar ba ta damu ba, alhali bakinta bai daina addu'a ba. Mutanen unguwa suka yi ta dariya, wai Kafinta ya shanya wa teku kayanta.

Sai Tasi'u ya karɓa. Ruwan rijiyar gidan gishiri ne, na famfo kuwa sai ya ga dama yake zuwa. Ya bi duk bututun gidan ya juya musu hanya, ruwan wanka da na alwala da na wanke-wanke ya tara su wuri ɗaya. Ya jera ganguna, na farko tsakuwa, na biyu yashi, na uku gawayi, ruwa ya shiga da kumfa ya fito garau. Ya roƙi Hajiya ta daina sayen sabulu mai ƙarfi, ta koma sabulun salo, ta yi ta mita amma ta yarda. Ya kafa ɗan injin da ke aiki da hasken rana yana tura tataccen ruwan zuwa kan bene, ya huda siririn tiyo ya bi da shi kan kowane sahu, ruwa na ɗiga a hankali, na sama ya sha ya rage wa na ƙasa. Ruwan saman da ke zuba daga rufi kuma ya tare shi a wani babban tanki daban. Ranar gwajin farko wani bututu ya fashe ya yi wa Hajiya wanka da kayanta na zuwa suna, aka sha dariya har ita. Amma daga ranar da ya gama, kwatar gidan ta bushe ƙayau.

Saura ƙasa da shuka, nan Atine ta shigo. Yashin teku ba ya riƙe komai, ƙasar gona kuma ta yi wa dangar nauyi. Sai ta tara ɓawon kwakwa ta daka, ta haɗa da ɓawon doya da na ayaba da kayan cikin kifi da toka, ta rufe ya ruɓe, ya zama wata baƙar ƙasa marar nauyi. Shukar farko duk iskar teku ta ƙone ta. Atine ta yi kuka ta share hawaye, ta tafi wurin matan masunta masu ƙyafe kifi, da yake tana jin yarensu, ta zauna ta taya su aiki tana tambaya. Su suka nuna mata wani yaɗo da ke fitowa a kan yashi, wanda gishiri ba ya yi masa komai. Ta shuka shi a gefen da iska ke bugowa ya zama garkuwa. A bayansa ta sa dankali da wake da soso, a tsakiya yakuwa da alayyafo da lalo, kusa da tagogi kuma na'a-na'a da ɗoɗɗoya don ƙamshi. Tumatir da attaruhu ta kai su can ƙasa inda hannu ke kaiwa. Ta kuma ajiye ɗan renon iri a lungun bene, ko da wani abu zai taso.

Damina na tsakiya bango ya rufe ruf da kore. Ɗakunan yamma suka yi sanyi har baƙo na neman mayafi da rana. Tsuntsaye suka dawo, malam-buɗe-littafi na ta shawagi. Hajiya ta koma cin tuwonta har da ƙari.

Ana saura 'yan kwanaki masu duba gidaje na hukuma su zo, wata guguwa ta taso daga teku da hantsi. Ta kwashe rumfuna, ta kayar da allunan manyan otal-otal, ta yi ta jijjiga lambun Hajiya kamar za ta tafi da shi. Dangar Haladu ta yi lilo ta yi ƙara, amma ko gora ɗaya ba ta saki ba. Da iska ta lafa, sai ga ganye duk ya yi fari da feshin gishiri, in ya wuni haka ya mutu. Tasi'u ya buɗe tankin ruwan saman da ya tara, ya hau rufi ya wanke bangon daga sama har ƙasa. Abin da ya karye kuma, Atine ta fito da renon da ta ɓoye ta cike gurbinsa, kafin mako ya zagayo ba ka gane inda aka yi ɓarna.

Masu dubawa suka zo da niyyar leƙa kwata su wuce, sai ga su tsaye sun ɗaga kai, har hular ɗaya ta faɗi. Suka nemi inda ruwan gidan ke shiga teku, suka rasa. Atine ta kawo musu shayin na'a-na'a da ta tsinka ta taga a gabansu, da miyar yakuwa da kifi. Ba a rufe gidan ba, sai ma hukuma ta riƙa turo masu wasu masaukai su zo su gani su koya. Baƙi kuwa suka yi ta ɗaukar hoto suna aika wa 'yan'uwansu. Waɗanda suka gaji da sanyin na'ura suka dawo gidan da ake buɗe taga a tsinki ganyen miya. Masunta suka sami mai sayen kifi kullum, gaɓa ta yi tsaf don roba ta zama abin nema. Hajiya ta ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

To, da komai ya daidaita, gwiwoyin Hajiya suka fara gaya mata gaskiya, hawa bene ya zama aiki. Ta ga lokaci ya yi da za ta huta, ta miƙa makullan gidan ga ɗaya daga cikin 'ya'yan ya riƙe. Ba maganar gado ake yi ba, wannan Allah ya riga ya raba. Maganar riƙo ce, wanda zai ce a yi a yi, ya ce a bari a bari, don ba a sarki biyu a gari ɗaya, balle uku. Ta tara su a inuwar lambun ta ce kowa ya faɗi abin da ke ransa.

Haladu ya ce, "Hajiya, ni dai abin da na sani, da ba a kafa dangar nan ba, da ruwa da ƙasa duk a ƙasa za su zube. Kuma ranar guguwa kowa ya gani."

Tasi'u ya ce, "Yaya, ba a raina aikinka ba, amma katako da roba ka rataya, watanni mutane na dariya. Ruwa ne ya raya su. Kuma ba zafi ne zai sa a rufe gidan nan ba, kwata ce, ni kuwa na kashe ta."

Atine ta ce, "Ku yi haƙuri, yayyena. Baƙon da ya taso daga wata uwa duniya, danga ya zo gani ko bututu? Ganye ya zo gani, miya ya zo ci. Da ban gano abin da gishiri ba ya ci ba, da har yau busasshen bango kuke yi wa ban ruwa."

Suka yi dariya su duka, don ba faɗa suke yi ba, amma ba wanda ya janye. Hajiya ta dubi wannan ta ga gaskiyarsa, ta dubi wancan ta ga tasa, ta dubi autarta ta ga ita ma ba ta yi ƙarya ba. Ta kai maganar gaban dattawan zango, suka wuni suna yi, suka rabu gida uku, aka tashi ba a yanke ba. Makullan suna nan ɗaure a bakin zanenta.

To jama'a, ga ku ga Hajiya Barmani. Wanda ya kafa dangar da ta ɗauki lambun ta kuma tsaya wa guguwa, da wanda ya mai da ruwan kwata ya zama na rayuwa ya hana a rufe gida, da wadda ta yi ƙasa inda babu ƙasa ta shuka abin da ya jawo baƙi, wanne a cikinsu ya fi cancanta ta kwance makullan ta ba shi?