Inda Harsashi Ya Sami Janar

An yi wani mutum, bawan Allah, a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, don kada wani a cikinku ya ce da kakansa nake. Sunansa Haladu. Ɗan manomi ne, ya shiga soja yana siriri kamar sillen kara. Ya sha rana, ya sha fareti, aka kai shi yaƙi ƙasashen da ko sunansu mutanen garin ba su iya faɗa ba. A hankali a hankali har ya zama Janar. Da ya ajiye aiki bai zauna birni ba, ya dawo gida yana noman gyaɗarsa, yana sallah a duk sahun da ya samu.

To, ku saurara. Kafin ya dawo, labarinsa ya riga shi isowa. Wai harsashi ba ya cin sa. Wai in an harbe shi ruwa ke fita daga bakin bindiga. Maroƙa suka ɗauka: "Haladu dutse, a harbe ka a ji kunya!" In an tambaye shi ko gaskiya ne, sai ya yi murmushi ya ce, "Allah ne mai tsarewa." Bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi gaskiya ba. Kuma tsakani da Allah, abin yana yi masa daɗi. Wa zai ƙi a ce masa dutse?

Ana nan sai wani mai magani, Ɗangoma, ya shimfiɗa tabarma a kasuwa yana sayar da kambu, wannan layar da ake ɗaurawa a dantse. Yana rantsuwa irin wanda Janar ya je yaƙi da shi ne.

Wata safiya Janar yana gona, sai ga wata dattijuwa, Tasalla, ta zube a bakin kunya tana kuka.

"Ranka ya daɗe, ɗana Lawandi ya sayi kambun nan irin naka. Ya ce yau a kasuwa zai ɗaura, maharbi ya harbe shi a gaban jama'a, don a ba shi shugabancin 'yan sintiri. Shi kaɗai gare ni. Ka gaya mini, kambun nan yana aiki kuwa?"

Janar ya gane shirun da ya yi ne zai kashe ɗan mutane. Ya yar da fartanya, ya nufi kasuwa da ƙasa a ƙafarsa.

Ya tarar an yi da'ira. Ga Lawandi ya tuɓe riga yana buga ƙirji, ga maharbi yana ɗura bindiga. Janar ya ɗaga hannu ya ce, "Jama'a, ƙarya ne! Ban taɓa ɗaura kambu ba, kuma harsashi yana ci na kamar kowa."

Kun san me aka yi? Dariya aka yi. Ɗangoma ya ce, "Kun ji ko? Mai abu ba ya faɗa." Lawandi ya ce, "Haba Baba, rowa za ka yi mana? Kai ka sha, mu kuma a hana mu?"

Janar ya dubi bindiga, ya dubi Tasalla. Akwai shaida a jikinsa, amma a wurin da ko matarsa ba ta isa ta tada maganar ba. Sai ya ce, "A kira mini Sarkin Aska da ladan. Kai kuma Lawandi, biyo ni."

Suka shiga rumfar mai dawa, aka kare da zana, Janar ya kwance wando ya nuna musu shaidar. Kada wani ya ce an buɗe al'aura. Lalura ce, rai ake ceto. Can sai aka ji Sarkin Aska ya ce, "La ilaha illallahu!" Ya fito yana riƙe da ciki don dariya, hawaye na zuba, ya ce, "Jama'a, ya ci shi. Wallahi ya ci shi. A mazaunai!"

Wani ya ɗaga murya, "Ranka ya daɗe, yaya aka yi harsashi ya zagayo ta baya?"

Janar ya fito yana gyara mazagi ya ce, "Bai zagayo ba. Gudu muke. Sun fi mu yawa, aka ce mu ja da baya, ni kuwa na ja da gaske. Na daɗe a asibiti ina kwana rub da ciki, ina kiran uwata."

Aka fashe da dariya har masu nono na zubar da nono. Lawandi ya kwance kambu da kansa. Aka waiga neman Ɗangoma, sai tabarma.

Kada ku ɗauka a banza ya sha. Daga ranar maroƙa suka daina ce masa dutse. Yara in sun hango shi sai su dafa baya su ruga. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don shi ma ɗan Adam ne. Amma Tasalla ta kawo masa ƙwaryar fura ta durƙusa za ta yi godiya, kuka ya zo mata, dariya ta zo mata. Janar ya ce, "Yi dariyarki, Iya. Gara ki yi mini dariya da in zo miki ta'aziyya."

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi. In an yi maka ƙaryar zagi, kafin la'asar ka zagaye gari kana wanke kanka. In kuwa ƙaryar yabo ce, sai ka yi murmushi ka ce, "Ai ikon Allah ne." Kai da ake ce wa malam alhali ka san iyakar karatunka, kai da ake ce wa mai hannun kyauta alhali kayan wani ka raba, wani yana can zai jingina rayuwarsa da wannan yabon. Ƙaryar da aka yi dominka ka yi shiru, taka ce. Ka ƙaryata ta da bakinka tun a kasuwar nan, kafin ranar da za a tara mu gaba ɗaya, babu rumfa, babu zana. Allah Ya rufa mana asiri, duniya da lahira.